Halilu ɗan Ahmadu, mutumin da ya ƙidaya kalmomin Larabci

Duk yaron da ya zauna makarantar allo ya san babbaƙu da farfaru. Ya san wasali bisa da wasali ƙasa, ya san rufu'a, ya san shadda. Amma kaɗan ne suka san sunan mutumin da ya tsara waɗannan alamu yadda muke ganin su yau bisa allo. Sunansa Halilu ɗan Ahmadu, ana yi masa laƙabi da Alfarahidi. Malamin harshe ne, amma kansa irin na masu lissafi ne. Shi ya sa za ku ga lambobi da yawa cikin labarinsa.

Asalinsa da garin da ya tashi

An haife shi wajen shekarar 718, wato shekara 100 bayan Hijira, a ƙasar Oman, can gabashin ƙasar Larabawa, bakin teku. Balarabe ne na ƙabilar Azdu, daga reshen da ake kira Farahidu. Tun yana ƙarami ya koma Basara, a kudancin Iraki. Nan ya yi karatu, nan ya karantar, nan kuma ya rasu. Cikin malamansa akwai Abu Amru ɗan Ala, wanda yake ɗaya daga cikin manyan makaranta Alƙur'ani guda bakwai.

A zamanin nan Basara sabon birni ne. An kafa shi lokacin Halifa Umaru, kamar shekara 80 kafin haihuwar Halilu. Da farko sansanin mayaƙa ne, daga baya ya zama babbar kasuwa. Jiragen ruwa suna zuwa daga Indiya da gabashin Afirka. Larabawa da Farisawa da sauran baƙi suka cakuɗa, suka yi auratayya. Yaran birni suka tashi da Larabci mai gauraye, suna kuskure cikin magana, wani lokaci har cikin karatun Alƙur'ani. Wannan abu ya tayar wa malamai hankali ƙwarai. Suka ga idan ba a tattara harshen an rubuta ba, wata rana za a wayi gari ana karanta Littafi ba a san ma'anar kalmominsa ba.

A bayan garin Basara akwai wata kasuwar raƙuma da ake kira Mirbadu. Makiyaya suna fitowa daga daji su sayar da bisashensu, mawaƙa kuma su taru su yi ta rera waƙoƙi. Sai malamai su ɗauki alƙalami da tawada su bi su, duk kalmar da suka ji bakin mutumin daji su rubuta. Kamar dai ɗan birni ne ya tafi kasuwar ƙauye don ya ji Hausar tsofaffi. Halilu bai tsaya kasuwa kaɗai ba, ya shiga dajin Hijaz da Najadu da Tihama yana sauraren mutane.

Matsalar da ta hana shi sakat

Malaman lokacin suna rubuta ƴan ƙananan littattafai. Wannan ya tara kalmomin da suka shafi doki, wancan na raƙumi, wani na ruwan sama, wani na dabino. Aiki ne mai kyau, amma da saura. Wanda ya tara kalma dubu, ta yaya zai san babu wata dubun da ta kuɓuce masa? Kalmar da ba a yi sa'ar jin ta a kasuwa ba, ko wadda tsohon da ya san ta ya rasu, shi ke nan ta tafi, ba ma wanda zai san an yi rashi.

Halilu ya biyo wa abin ta wata hanya dabam. Ya ga ba shi yiwuwa mutum ya bi kowane Balarabe ya ji abin da ke bakinsa. Amma yana yiwuwa a zauna a fitar da dukan kalmomin da baƙaƙen Larabci za su iya haifarwa, ba a bar ko ɗaya ba. Bayan haka sai a bi su ɗaya ɗaya ana tambaya: wannan Larabawa suna faɗin ta, ko ba su faɗi? Ta haka babu kalmar da za ta ɓuya, don an riga an tanadar mata gurbi tun kafin a ji ta.

Don ku gane dabarar, sai kun san wata ɗabi'a ta Larabci. Yawancin kalmominsa suna tsirowa daga saiwa mai baƙaƙe uku. Ku ɗauki ain da lam da mim. Daga wannan saiwa guda Hausa ta aro ilimi da malam da alama. Wasula suna sakewa, ana ƙara wani abu gaba ko baya, amma baƙaƙen nan uku suna nan a jere. Akwai kuma saiwoyi masu baƙaƙe biyu, da masu huɗu, da masu biyar. Halilu ya tabbatar da cewa babu saiwar da ta wuce biyar.

Jujjuya baƙaƙe

To, yara, ku yanki takarda uku ƙanana. Ku rubuta K bisa ɗaya, L bisa ɗaya, M bisa ɗaya. Ku jera su bisa tebur. Jeri nawa dabam dabam za ku iya yi?

Wurin farko, kuna da zaɓi uku. In kun aza ɗaya, saura biyu, don haka wuri na biyu zaɓi biyu ne. Wuri na uku babu zaɓi, wadda ta rage ita za ta zauna. Ke nan 3 sau 2 sau 1, ya ba da 6. Ga su: KLM, KML, LKM, LMK, MKL, MLK. Ko kun kwana kuna juyawa ba za ku sami na bakwai ba.

Abin sha'awa, uku daga cikin shiddan nan Bahaushe ya san su. KLM ita ce saiwar kalma. KML ita ce saiwar kamala. MLK ita ce saiwar mulki. LKM kuwa a Larabci naushi take nufi, amma ita ba mu aro ta ba.

Haka Halilu ya yi wa kowane rukuni. Ya nuna baƙaƙe biyu suna juyawa sau 2, uku suna juyawa sau 6, huɗu sau 24, biyar sau 120. Ku lura da yadda lambobin ke hawa: 6 sau 4 shi ne 24, kuma 24 sau 5 shi ne 120. Duk baƙin da aka ƙara, sai a ninka abin da aka samu da sabon adadin baƙaƙen. Wannan hawa yana da sauri fiye da yadda mutum ke zato. Yara biyar bisa benci guda, in suna sake zama sau ɗaya kowace rana, sai sun yi kwana 120 kafin su maimaita zaman da suka taɓa yi. In su goma ne cikin sahu, jerinsu 3.628.800 ne, kuma da jeri guda kowace rana sai sun yi kusan shekara 10.000.

Yanzu sai babban lissafin. Baƙaƙen Larabci 28 ne. Saiwa mai baƙaƙe biyu waɗanda ba iri ɗaya ba: na farko zaɓi 28, na biyu zaɓi 27, ke nan 756. Mai baƙaƙe uku: a ninka 756 da 26, a sami 19.656. Mai huɗu: a ninka da 25, a sami 491.400. Mai biyar: a ninka da 24, a sami 11.793.600. In an tara su duka, jimilla 12.305.412, wato miliyan goma sha biyu da ɗoriya. Wannan ita ce lambar da marubutan da suka biyo baya suka ruwaito daga Halilu. Ku gwada lissafin bisa allunanku, za ku ga daidai take. Da mutum zai rubuta saiwa guda kowace daƙiƙa, ba barci ba cin abinci, sai ya wuce kwana 142 bai gama ba.

Ashe babu littafin da zai ɗauki wannan duka. Nan ne Halilu ya sake yin wata dabara. Ya raba abu biyu da mutane suka saba haɗawa: zaɓen baƙaƙe dabam, jera su dabam. In malam ya ce yara uku su share aji, ba ruwansa da wanda aka fara kira, rukunin dai guda ne. In kuwa sakamakon jarrabawa ne, wa ya zo na ɗaya, wa ya zo na biyu, wa ya zo na uku, to jeri ya zama abin kulawa. Halilu ya mai da kowane rukunin baƙaƙe ƙofa guda cikin littafinsa, ya zuba dukan jujjuyawarsa ƙarƙashinta. Tun da kowane rukuni mai baƙaƙe uku yana ba da jeri 6, sai a raba 19.656 gida 6, a sami ƙofofi 3.276 kacal. A kowace ƙofa yana nuna jerin da Larabawa ke aiki da su, ya ba da ma'anarsu, sau da yawa har da shaida daga Alƙur'ani ko daga tsofaffin waƙoƙi. Waɗanda ba a aiki da su kuwa ya kira su yasassu. Ke nan wanda ke neman mulki zai tarad da ita ƙofa guda da kalma da kamala.

Da aka zo saiwoyi masu huɗu da masu biyar, kusan duka yasassu ne. Cikin jeri 120, da ƙyar a sami ɗaya da ake faɗi. Halilu ya duba waɗanda ake faɗin, ya gano wata ƙa'ida. Kusan kowace saiwa mai huɗu ko biyar tana ɗauke da aƙalla ɗaya daga cikin baƙaƙe shidda masu sauƙin fita, wato r, l, n, f, b, m. In aka kawo masa doguwar kalma babu ko ɗaya daga cikinsu, sai ya yi zargin ƙirƙirarriya ce ko baƙuwa. Wannan ƙa'ida ta yi amfani, don a lokacin akwai masu ƙaga kalmomi su kai wa malamai don neman suna.

Me ya sa ake ce masa Littafin Ain

Da ya zo shirya ƙofofin, bai bi jerin alif, ba, ta ba. Ya fi son jeri mai dalili. Sai ya riƙa buɗe baki yana furta kowane baƙi da alif a gabansa, yana sauraren inda sautin ke fitowa. Ku gwada da kanku: ab, at, ak, ah. Za ku ji b a leɓe take, t a bakin harshe, k can baya, h cikin maƙogwaro. Ya fara da na can cikin maƙogwaro, ya biyo da su sannu sannu har zuwa leɓe. Baƙin da ya sa gaba shi ne ain, wanda almajirai ke kira an baki wofi. Daga nan littafin ya sami sunansa, Kitabul Aini. Shi ne ƙamus na farko na harshen Larabci.

Kowane rukuni yana shiga babin baƙin da ya riga sauran cikin jerin nan. Saboda haka babin ain ya fi kowane girma, babobin baya kuwa suna ta ƙanƙancewa, don an riga an cinye rabonsu a gaba. Gaskiya neman kalma cikin littafin nan akwai wuya. Sai mutum ya hardace jerin baƙaƙen Halilu, ya kuma iya tuɓe kalma har ya kai ga saiwarta. Shi ya sa masu ƙamus na baya suka koma ga jeri mafi sauƙi. Amma sun sami sauƙin ne don wani ya riga ya share musu gona.

Karin waƙa da wasula

Irin wannan tunani ya kai shi ga wani ilimin da ba a taɓa rubutawa ba kafinsa, wato aruli, ilimin auna waƙa. Larabawa sun daɗe suna waƙa da kunne kaɗai. An ruwaito cewa wata rana Halilu ya ratsa ta kasuwar maƙeran tagulla, ya ji yadda guduma ke sauka bi da bi, daga nan tunanin ya zo masa. Ya bi waƙoƙin Larabawa yana yanka su gunduwa gunduwa, ya fitar da karuruwa 15, ya zuba su cikin da'ira biyar.

Da'irar ma juyi ce. Ku faɗi Talata sau da yawa ba tsayawa: gaɓa gajera, doguwa, doguwa. Yanzu ku fara daga gaɓar ƙarshe ku zagayo: doguwa, gajera, doguwa. Kun sami tafiyar Alhamis. Gaɓoɓin ba su sake ba, wurin farawa kaɗai ya sake, amma kari ya zama wani. A nan ma ya ware masu aiki da yasassu. Wannan kari mai tafiyar Alhamis bai sa shi cikin 15 ba, wani malami mai suna Ahfashu ne ya ƙara shi daga baya, suka zama 16. Hausa ma tana da gaɓa doguwa da gajera, shi ya sa malamanmu masu rubuta waƙa da ajami suka iya ɗora waƙoƙinsu bisa karuruwan nan, irin su Kamil da Basiɗ da Wafir. Alburda da ake rerawa lokacin Mauludi bisa Basiɗ take.

An ce wata rana ɗansa ya shigo ya tarad da shi shi kaɗai yana ta yanka baiti yana maimaita sautuka marasa ma'ana. Yaron ya fita da gudu ya shaida wa mutane ubansa ya taɓu.

Batun wasula kuwa, kafin Halilu ɗigo ake sawa da jar tawada: ɗigo bisa baƙi, ko ƙasa, ko gabansa. Sai ɗigon wasali ya riƙa rikicewa da ɗigon da ke raba ba da ta. Halilu ya ɗauko ƙananan siffofin baƙaƙe ya sa a madadinsu. Rufu'a ƙaramin wau ne. Shadda kan shin ne ba ɗigo. Hamza kan ain ne. Ku duba allo da kyau za ku gan su.

Halinsa

Halilu talaka ne, kuma da son ransa. Almajirinsa Nadru ɗan Shumailu ya ba da labarin cewa cikin bukkar kara yake zaune a Basara, alhali almajiransa suna samun dukiya da ilimin da ya ba su. Wani gwamna mai suna Sulaimanu, wanda ke riƙe da Ahwaz, ya aiko a ɗauko shi ya karantar da ɗiyansa. Halilu ya fito da busasshiyar gurasa ya nuna wa manzon, ya sanar da shi cewa muddin yana samun wannan ba shi da bukatar gwamna. An kuma ruwaito cewa shekara guda yakan tafi hajji, shekara guda ya tafi yaƙi.

A zamaninsa mulki ya fita hannun Banu Umayya ya koma hannun Abbasiyawa a 750, aka gina Bagadaza a 762, malamai da yawa suka nufi fada. Shi ya zauna Basara da almajiransa. Mafi shahara cikinsu shi ne Sibawaihi, Bafarishe, wanda ya rubuta babban littafin nahawun Larabci. Ya ambaci malaminsa cikin littafin fiye da sau 500.

Rasuwarsa ma cikin lissafi ta same shi. Masu tarihi sun ce yana neman wata hanyar ƙidaya mai sauƙi, wadda ko yarinya aka aika kasuwa da ita mai kanti ba zai iya cutar ta ba. Ya shiga masallaci yana wannan tunani, bai lura ba ya yi karo da ginshiƙi, ya faɗi. Wannan ne ajalinsa. Wasu sun sa rasuwar a 786, wasu a 791.

Abin da ya biyo baya

Littafin Ain bai fito ba sai bayan ransa. Almajirinsa Laisu ɗan Muzaffar ne ya kammala shi a Hurasan, can gabashin Farisa. Sai wajen 862 wani mai sayar da littattafai ya kawo shi Basara, aka saye shi dinari 50. Malaman garin suka yi ta gardama. Wasu suka ƙi yarda aikin Halilu ne, don sun ga kurakurai ciki. Galibin masana sun tsaya bisa cewa tsarin da gabatarwar nasa ne, cikon kuwa akwai hannun Laisu da wasu.

Tambayar da ya buɗe ta fita hannun malaman harshe ta shiga hannun malaman lissafi. A Marakesh, ƙasar Maroko, wani malami mai suna Ibnu Mun'im, wanda ya rasu a 1228, ya sake ɗauko ta. Ya so ya ƙidaya kalmomin har da wasulansu da baƙaƙen da ke maimaituwa. Don ya sauƙaƙa, ya fara da misalin zaren alharini: in kana da launi goma, tuntu iri nawa za ka iya yi mai launi biyu, ko uku, ko huɗu? Ya zuba amsoshin cikin wani jadawali mai kusurwa uku. Irin jadawalin nan ne ake kira da sunan Paskal, mutumin Faransa, wanda ya yi nasa rubutun a 1654, fiye da shekara 400 bayan Ibnu Mun'im.

A shekarar nan ta 1654 Paskal da wani ɗan ƙasarsu mai suna Ferma suka yi ta musayar wasiƙu bisa yadda za a raba kuɗin caca in wasa ya tsaya ba a gama ba. Daga nan lissafin yiwuwa ya kafu, wanda za ku tarar a lise cikin darasin aljabara. Halilu bai yi wannan lissafi ba, amma matakin farkonsa shi ne nasa: a ƙidaya duk abin da ke iya faruwa, sannan a ware wanda ake nema. Ku zuba takardunku uku cikin hula, ku rufe ido, ku fiddo su ɗaya bayan ɗaya. Jeri 6 ne ke iya fitowa, kuma babu wanda ya fi wani dama. Yiwuwar ku sami MLK ita ce 1 cikin 6. Yiwuwar ku sami saiwar da Bahaushe ya sani, kalma ko kamala ko mulki, ita ce 3 cikin 6, wato rabi.

Littafin Ain ya daɗe a rubutun hannu. An buga shi cikakke a Iraki tsakanin 1980 da 1985, cikin juzu'i takwas.